Shamuwar Inna Ta Sauya Masauki

Madarumfa, tsakiyar damina.

Zuwa ga babbar yayata, Yaya Ɗelu, a Arlit.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Abdurrahman da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya ƙafar nan taki da ke kumbura in zafi ya tsananta? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Ruwa ya sauka da kyau bana, tafki ya cika har ya shiga garkar Malam Yusuf ya cinye masa albasa. Gero ya wuce gwiwa, an gama noman fari ana haramar maimai. Uwargida Hasiya tana nan ƙalau, bakin nan nata ma yana nan yadda kika san shi. Ƴarmu Binta ta yaye ɗanta, ya yi ƙiba abinsa, ɗanmu Anas kuma yana can Ɗan Issa wajen lodin motoci, yana leƙo mu ranar Juma'a.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda, alhali ga salula a hannun kowa. Abin da ke raina ne ba na waya ba. In na kira ki, Hasiya tana gefe ta kasa kunne kamar ba ta ji, ke kuma da kin ji muryata kin gama karanta ni, tun muna yara haka kike. Shi ya sa na ɗauko biro na koma wa karatun manyan da muka yi, zan ba Ɗan Baba direba ya danƙa miki hannu da hannu. In kin ga rubutun yana hawa yana gangara ki yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da hauya.

Tun da aure ya kai ki Arlit, inda shamuwa ba ta san hanya ba, tambayarki ɗaya ce duk shekara in bazara ta ƙure: shamuwar Inna ta zo? Ni kuma in ce miki ta zo, ta sauka kan gawon tsakar gida, sai ki ce alhamdu lillahi, damina ta kusa ke nan a gida. Tun rasuwar Inna wannan amsar tawa ce, don ni ke zaune cikin gidan, ni ke kwana ƙarƙashin gawon. Bana kin tambaye ni na yi ta kewaye-kewaye, har na ce miki layi ne ba kyau. Layi lafiyarsa lau. Shamuwa ta zo, Yaya, har da Gurguwa, wadda Inna ta ɗaure wa ƙafa da kara da tsumma shekarar da iska ta jefo ta ƙasa. Sai dai ba gidana suka sauka ba. Suna can gonar ƙanenmu Ɗan Azumi, a kan wani dogon ƙarfe na kamfani. Na san ma labari ya riga ni isa gare ki, tunda na ji saƙon murya da kika aiko masa kina sa masa albarka, kina cewa ya riƙe amanar Inna. A majalisar bakin masallaci ya kunna shi, kowa ya ji. Ni ma na ce amin tare da jama'a, amma a baki kawai. Ba zan ɓoye miki ba, kishi nake yi. Kishin ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, da furfurata da komai.

Bari in faro miki daga tushe, don wanda ya ba ki labarin na san wutsiyarsa kawai ya ba ki. Kin tuna fakon nan na hanyar Safo, wanda ko akuya ba ta tsayawa a cikinsa? Wani kamfanin wuta ya karɓe shi ya shimfiɗa farantan hasken rana, ido ba ya ganin ƙarshensu. Daga nan suka ja wayoyi a kan dogayen ƙarafa, waɗanda muke ce wa poto, suka ratsa ta gefen tafki zuwa gari. Wuta kam mun samu, ba zan yi butulci ba, har Hasiya tana sayar da ƙanƙara. Amma daminar farko wayoyin sun yi ɓarna. Manyan tsuntsayen da ke sauka tafki ba su san da su ba, sai su taho da gudu su yi karo, da safe masunta su tsince su a ƙasa. Shamuwa ma an tsinci nata rabon, tsofaffi suka yi ta salati suna cewa wutar da ke kashe shamuwa ba alheri ba ce.

Ashe kamfanin yana da ma'aikata waɗanda ba ruwansu da waya ko faranti, aikinsu kawai tsuntsaye da itatuwa da kifi. Shugabarsu wata mace ce, Madam Amina, ƴar Tasawa, mai sanyin magana. Suka rataya wasu abubuwa masu ƙyalli a jikin wayoyin don tsuntsu ya hango tun daga nesa ya kauce. Suka raba dashen gawo da aduwa da magarya da kanya, suka roƙi masunta su daina tatse tafki da gidan sauro don ƴaƴan kifi su girma, suka ce a bar wa tsuntsayen ruwa wani yanki na ciyawar bakin tafki kada a ƙone. Sannan bayan ƙaramar salla mai gari ya sa aka yi shela cewa za su zaga gidajen da shamuwa ta saba sauka, za su zaɓi mutum ɗaya ya zama mai kula da ita a wannan yanki. Yaya, da na ji shelar nan dariya na yi. Wa za a zaɓa in ba ni ba? Duk unguwar nan akwai sheƙar da ta kai tamu daɗewa? A majalisa ma ba wanda ya yi musu, har an fara tsokanata ana ce mini Sarkin Shamuwa, ni kuma ina cewa a bari mana, alhali raina fari tas.

To kin san tarbiyyar gidanmu. Inna ba ta yarda baƙo ya shigo ya tarar da gida kaca-kaca, ko mai tallan goro ne sai ta ɗauki tsintsiya. Balle baƙi na mota, masu ɗaukar hoto. Na sa aka yi wa katanga sabon yaɓe, Hasiya ta sake daɓen tsakar gida, muka kai awaki gidan maƙwabta. Da na tsaya bakin zaure na ƙare wa gidan kallo, komai ya yi daidai sai abu ɗaya, gawon nan. Kin san yadda yake a ƙarshen rani kafin su dawo: sheƙa ta yi tuli a sama kamar an kife tsohon rumbu, ƙirare sun zazzago ta ko'ina, rassa da gindi duk sun yi dabbare-dabbare da tsohon kashin tsuntsu. Na ce a raina, yanzu a ƙarƙashin wannan ƙazanta zan shimfiɗa wa manyan mutane tabarma? Wani abu ya faɗo cikin furar Madam, ina zan sa fuskata?

Sai na jingina tsani na hau da gatari. Na tunkuɗo sheƙar nan gaba ɗaya, ta faɗo ta tada ƙura har gidan Malam Yusuf. Na datse rassan da suka ɓaci, na daidaita sauran. Da na sauko na kwaɓa farar ƙasa na shafe gindin tun daga ƙasa har iya tsayina, yadda ake yi wa itatuwan gidan ferfe, shugaban yankinmu, in babban baƙo zai zo daga Yamai. Hasiya ta tsaya riƙe da haɓa ta ce anya kuwa, na ce ta yi mini shiru, shamuwa da ta gina wancan ita za ta gina sabo, kuma a wuri mai tsabta. Ƙiraren na kwashe na jibge bayan gida, na ce ta samu na girki. Wallahi, Yaya, da zuciya ɗaya na yi. Ko yanzu in na tuna yadda gawon ya fito fes da yamman nan, sai in ga ai ya yi kyau.

Ranar da suka zo na sa babbar rigata ta salla. An soya karfasa ta tafki, an yi shinkafa da zabi, ga kwaɗon zogale, ga fura mai sanyi da ƙanƙarar Hasiya. Madam Amina ta shigo da sallama, ta durƙusa ta gaishe ni kamar ƴar cikina, mutanenta biyu suna biye da ita da abin ɗaukar hoto. Ba ta ko kalli tabarmar ba ta ɗaga kai sama. Ta daɗe tana dubawa, ta zaga gawon, sannan ta tambaye ni ko ba nan ne gidan da aka ce mata akwai tsohuwar sheƙa ba. Na gyara tsayuwa na ce nan ne, sheƙar da ta girmi ƴaƴana duka, amma na sauke ta saboda zuwansu, don ba a karɓar baƙi cikin datti. Ta sake ɗaga kai ta dubi rassan. Sannan a hankali ta ce, “Baba, ai ita munka zo gani.”

Ban taɓa jin magana mai taushi ta dake ni irin wannan ba. Ta zauna dai, ta ci abinci, ta yaba hannun Hasiya, don yarinyar tana da tarbiyya. Ta yi mini bayani cewa shamuwa tsohon gidanta take nema in ta dawo daga doguwar tafiyarta, ta ɗora sabo a kan tsoho, kuma rassan da na datse su ne ke riƙe da sheƙar. Ta ce mai yiwuwa su sake ginawa, mai yiwuwa kuma su nemi wani wuri, Allah ne masani. Mai hoton nan ko buɗe abinsa bai yi ba. Na raka su har mota ina ta dariyar da ba ta kai ciki ba.

Daga gidana hanya ta bi da su ta gonar Ɗan Azumi. Yaya, ke shaida ce a kan gonar nan. Tun Baba yana da rai yake faɗa da shi a kan sassabe. Ni in na shiga gonata da rani ba na barin ko tsinke, in sare, in tara, in ƙone, ka tsaya wannan iyaka ka hango waccan. Shi kuwa sai ya sare biyu ya bar uku, ya ce rana ta yi zafi, ya nemi inuwa. Haka sabara da kalgo da ƴaƴan gawo suka yi ta girma a gonarsa har ta koma kamar daji, mutane suna wucewa suna cewa ga gonar malalaci. To a cikin dajin nan suka same shi, kwance ƙarƙashin kalgo da hula a fuska, tsuntsaye suna ta hayaniya a kansa. Wai Madam ta fito daga mota tana ta murna, tana nuna wannan itace tana nuna wancan, ta ce abin da suke ta roƙon manoma su yi ke nan. Har suna gare shi, wai sassaben zamani. Lalacin da Baba ya mutu yana yi wa faɗa, shi ne yau ya zama zamani. Aka tashe shi daga barci aka ba shi sarautar da aka yi shela dominta.

Ba a yi kwana nawa ba suka kawo poto dogo, wanda ba waya a jikinsa, da faffaɗan kwandon ƙarfe a bisa, suka kafa a tsakiyar gonar. Dabararsu ita ce shamuwa ta samu wurin sheƙa nesa da wayoyin wuta. Suka ce masa ya zuba ƴan ƙirare a ciki don ta ga alamar gida. Nan ne abin da ya fi ci mini rai ya faru. Ashe Hasiya ba ta taɓa ƙiraren da na jibge bayan gida ba. Ta ce ita ba za ta dafa wa ƴaƴanta tuwo da gidan shamuwa ba, uwarta ba ta yi ba, kakarta ba ta yi ba. Ranar kasuwa ina can wajen awo, Ɗan Azumi ya biyo da amalanken jakinsa ya gan su, ya tambaye ta ko ana so, ta ce ya kwashe ya raba ta da su. Ya loda sheƙar Inna kaf, ya kai gonarsa, aka ɗora a kwandon kamfani. Da na dawo na ji, na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Hasiya ta bari na gama, ta ce abin da na zubar da hannuna ne aka tsinta, ba ɗaki aka shiga aka ɗauka ba. Shi kuma ya rantse mini bai yi da wata manufa ba, wai ya ga sun fi kusa ne, ya huta shiga daji. Wannan kam na yarda da shi, don duk abin da zai hutar da Ɗan Azumi shi yake zaɓa. Amma yardar ba ta rage mini komai ba.

Sai shamuwa suka iso da hantsi, ranar da hadarin farko ya haɗu ta gabas. Ina zaune bakin rumbu ina gyaran ƙotar hauya na ga inuwarsu ta gilma a ƙasa. Murna ta kama ni, na miƙe. Suka yi ta kewaya gidan a sama, suna saukowa suna komawa. Gurguwa ce kaɗai ta sauka, a kan sabuwar katangar da na yaɓe. Na gane ta da tsayuwarta, ƙafar nan a ɗan karkace. Ta dubi gawon, fari tas kamar ɗan lakwal cikin kayan makaranta ranar fareti, ta juya kai ta sake dubansa ta ɗaya idon. Na ji kaina ina yi mata magana kamar yadda Inna ke yi, ina cewa sannu da hanya, gidanku ne, ku sauka. Ta ɗan jima, sannan ta buɗe fiffike ta bi sauran. Kafin azahar labari ya zo cewa shamuwa ta sauka a kwandon Ɗan Azumi. Daren ranar aka yi ruwan shuka.

Tun daga nan ban huta ba. An ba shi wata riga mai ƙyalli marar hannu da hula mai baki, da madubin hangen nesa da yake ratayawa a wuya ko masallaci zai je. An kafa allo a bakin gonar da hotonsa, yana dariya da giɓin nan nasa. Ƴan lakwal suna zuwa da malamansu, ya tsaya yana yi musu bayanin shamuwa, kuma duk abin da yake faɗa daga bakin Inna ya ji, yawanci ma ni na tuna masa. An kira shi Maraɗi ya yi magana a rediyo, na ji shi da kunnena yana cewa tun yana yaro yake ƙaunar itatuwa. Inuwarsu yake ƙauna, Yaya, ke ma kin sani. A majalisa sunan da aka fara kira na da shi ya koma kansa, in ya iso a ce ga Sarkin Shamuwa, a matsa masa wuri, ni kuma in an ga dama a ce ga mai farar ƙasa. Ba rigar ce ta dame ni ba, ko an ba ni ba zan sa ba, ta yi kama da ta masu gyaran hanya. Abin da ke hana ni barci shi ne maganar tsofaffin mata. Kin san abin da ake cewa a kan gidan da shamuwa ta ƙaurace wa, wai albarka ta bar shi ke nan. Ba wanda ya faɗa a gabana, amma Goggo Maryam ta zo gaisuwa, ta ɗaga kai ta dubi gawon, ta ce Allah ya kyauta, ta tafi ba ta sha ruwa ba.

Kuma don abin ya ƙara mini ciwo, gonar tasa ta yi kyau bana. Tsutsa ta taso wa gero bayan ruwa na uku, tawa gonar sai da na nemi magani. Tasa kuwa shamuwa ke sauka da safe suna bin kunya-kunya suna tsincewa, shi yana kwance. Iskar da ta binne mini shuka da rairayi har na sake, shi itatuwansa sun tare masa. Na yi noma shekara da shekaru da gumina, ban taɓa barin rana ta riga ni gona ba, yau ga shi tsuntsaye suna yi wa Ɗan Azumi aikin gayya. Na san Allah ke rabo, na kuma yi istigfari, amma zuciya ba ta jin wa'azi da wuri.

Zan gaya miki abin da ko Hasiya ba ta sani ba. Kullum da safe sai in ce zan duba iyaka, in bi ta bayan gonarsa in tsaya cikin sabara ina kallonsu. Sun ƙyanƙyashe, kawunan ƴaƴan suna leƙowa ta bakin kwando, Gurguwa tana kai da kawowa da abinci. Na ɗauka ba wanda ke ganina. Shekaranjiya da na je sai na tarar da tabarma shimfiɗe daidai inda nake tsayawa, da buta cike da ruwa a gefe. Na juya zan gudu ya fito daga bayan kalgo ya gaishe ni, ya ciro madubin nan daga wuyansa ya miƙo mini. Na so in ƙi, hannuna ya riga ni. Yaya, na ga Gurguwa kamar in taɓa ta, har tabon ɗaurin Inna yana nan a ƙafar. Na kuma gane ƙiraren, har da wani guntun igiyar guga tamu da suka ɗauka tun shekarun baya. Na daɗe ban sauke madubin ba, don ba na so ya ga idona.

Muna nan zaune ya yi ta murza hularsa, sannan ya ce, “Yaya, in sunka tashi da kaka, sai in maido maka ƙirarenka. Na gidanmu ne, ba na kamfani ba.” Kin ga irin halin yaron nan? Na kwana ina shirya maganganun da zan gaya masa, har na yi niyyar rubuto miki ki sa baki a matsayinki na babba ki ce ya maido, sai ga shi ya miƙo mini da kansa, ya bar ni da faɗa a ciki ba inda zan sauke. Na tambaye shi ko ya gaya wa Madam. Ya ce ya gaya mata, ta ce ba za ta hana ba tunda kayan gadonmu ne, amma ta ji tsoro. Wai gawona ba shi da rassan da za su riƙe sheƙa yanzu, sai ya yi shekaru yana tofo. In aka sake tayar musu da gida karo na biyu, suka dawo baɗi ba nan ba can, za su iya barin yankin gaba ɗaya, ko su je su gina a kan poto mai waya, inda ƴan'uwansu suka hallaka.

Na dubi kwandon nan, na dubi ƙanena da rigarsa mai ƙyalli. Wallahi raina yana cewa karɓi abinka, in ba za su sauka gidanka ba kada su sauka gidan kowa. Na ji wannan muryar sarai, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma sai na tuna Inna durƙushe a tsakar gida da tsuntsuwar nan a cinyarta, tana ɗaure ƙafar tana yi mana faɗa mu daina hayaniya. Ba don gawo ta yi ba, ba kuma don a ce gidanta ba. Na ce masa, “Bar su nan inda suke.” Ya buɗe baki zai yi godiya na ce ya rufe mini baki, na kakkaɓe rigata na taho. Kada ki ɗauka kishin ya tafi. Tare muka dawo gida da kishin nan, yana nan zaune kusa da ni ina wannan rubutu.

Yanzu tsakar gidana fes take. Hasiya da ta shekara ashirin tana mitar kashin shamuwa a kan shanyarta, yau sai ta fito da tsintsiya da safe ta tsaya tana neman abin sharewa. Ba kukan ƴaƴa a sama, ba ƙirare a cikin randa, ko tabarma ka shimfiɗa a gindin gawon haka za ka naɗe ta. Ban taɓa ƙin tsabta irin bana ba. Ruwan sama ya fara wanke farar ƙasar, na bar shi ya wanke. Na samu wani tsohon kwandon kaba na ɗaure a can sama inda reshe ya rage, Madam ta ce ba laifi, wataƙila wata rana cikin ƴaƴan da aka ƙyanƙyashe bana wani ya nemi gidan kansa. A gonata ma na tsallake ƴan gawo da suka tsiro ban sare ba, amma wannan ki riƙe a cikinki, in Ɗan Azumi ya ji na koyi lalaci a wurinsa na shiga uku a majalisa.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ban ce ki janye albarkar da kika sa masa ba, ƙanenmu ne, Allah ya ƙara masa. Riga da hula da allo da rediyo duk ya riƙe, har sunan ma na bar masa. Abu ɗaya nake roƙo, kuma ke kaɗai ke iya ba ni shi.

Kafin in faɗa, ki gaishe mini da Malam Abdurrahman da kyau, ki ce ina yi masa fatan sauƙin aiki. Ki gai da Khadija da maigidanta, da Al'amin, da Ibrahim mai sunan Baba, ki shafa mini kan jikoki. Hasiya tana gaishe ki, ta ba Ɗan Baba ƙullin busasshen zogale da kuka da daddawa ya kawo miki, ki duba kada ya manta da su a mota. Binta da Anas suna gaisuwa. Goggo Maryam ma ta ce a gaishe ki. Ɗan Azumi bai san na rubuto ba, amma na san da ya sani zai ce a gaishe ki, don haka ga gaisuwarsa. Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya haskaka kabarinsu, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Roƙon nawa shi ne, baɗi in Allah ya kai mu, bazara ta ƙure, kika so jin ko shamuwar Inna ta zo, kada ki kira shi. Ni za ki tambaya, kamar kullum. Zan taka har gonar Ɗan Azumi in duba, in dawo in gaya miki.

Wassalam. Ni ne ƙanenki,
Sa'idu, na gidan gawo.